Me ya sa ake koya wa injiniyoyin nukiliya magana da juna?

Tambaya: Malam, na ji wai ma'aikatan tashar lantarki ta nukiliya har horo ake ba su kan aiki tare da yadda za su yi wa juna magana. Mutanen da suka yi zurfin karatu, wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ko kusa. Ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar Three Mile Island da ke Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliya yana ta zurarewa. Wata fitila a allo ta sa ma'aikata suka ɗauka a rufe yake, har suka rage ruwan agaji. Duk ƙwararru ne, amma kowa ya hau fahimta ɗaya. Sai bayan fiye da sa'a biyu, wani ma'aikaci da ya zo karɓar aiki ya gano matsalar. Kusan rabin makamashin da ke cikin tukunyar ya narke.

A shekarar kamfanonin nukiliya na Amurka suka kafa cibiyar INPO don inganta tsaro da horo a tashoshinsu, horo kuma ya sauya. Yanzu rukuni guda ake shigarwa ɗakin gwaji mai kama da ɗakin sarrafa tashar sak, malamai su jefo musu matsala, suna kallon wa ya yi magana, wa ya yi shiru. Umarni kuwa sau uku yake zagayawa: shugaba ya faɗa, mai karɓa ya maimaita, shugaba ya tabbatar.

Abin da na fi ganin wahalarsa shi ne koya wa ƙaramin ma'aikaci ya ce wa na gaba da shi "a dakata, ban gamsu ba", shi kuma babban ya saurara.