Firgitar Inna bayan ambaliya

Malama, kin ce tun ambaliyar 2022 da ta rushe gidanku a karkarar Auyo, da zarar hadari ya haɗo sai gaban Inna ya faɗi, hannuwanta su ɗauki rawa, kina neman mafita. Wannan ba hauka ba ne, jiki ne bai saki firgicin ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sukan fara da jikin: ta zauna a tabarma, ta dafa ƙasa, ta ja numfashi, sannan ta sake shi a hankali fiye da yadda ta ja, domin hakan yana sassauta bugun zuciya. Don Allah kada ku matsa mata ta ba da labarin daren. Idan barci ya ƙaurace mata, ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure.