Amsar tambayarka kan ragon suna da kuɗin gwal

Assalamu alaikum, ɗana. Barka da arziki. Allah ya raya mana shi, ya ba maijego lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce mahaifinka ya hana a shigo da ragon da ka sayo sai ya ji inda kuɗin ya fito. Ka ce masa aikin gwal ne a wajen Manso, ya ce wannan bai ishe shi ba, sai ya ji ƙasar wa aka haƙa. Kana tambayata ko wannan addini ne ko al'ada, wa ya kawo ta, kuma me ya sa Turawa suka shekara ɗari suna kwasar zinariyar ƙasar nan ta Ghana ba wanda ya tuhume su, sai kai da ka samo ɗan abin yanka wa ɗanka rago.

Al'adar gidanmu ce, ba ta dukan zango ba, amma saiwarta a addini take. Sadaki da ragon suna da likkafani, waɗannan a gidanmu ba a yin su da kuɗin da ba a san asalinsa ba. An yi wa mahaifinka wannan tambayar ran da zai kai sadakin mahaifiyarka, ni ma an yi mini. Don haka kada ka ɗauka tozarta ka aka yi.

Wanda ya kafa ta kakana ne, wato kakan mahaifinka. Bafataken goro ne. A zamaninsu mafi yawan fatake a Salga suke tsayawa, Tonawa, wato mutanen Asante, su kawo goro can, namu su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, ya koma Kintampo, daga baya ya gangaro Kumasi ya zama maigida mai saukar da baƙi. Ya tarar da mutanen da suka san zinariya tun kaka da kakanni. Garinta ne kuɗinsu a da, da shi ake ciniki a kasuwa, ana awo da 'yan ƙarafan tagulla. Kuma haƙar tana da ƙa'ida. Ba ka sa diga a ƙasa sai ka je gaban sarkin da ke riƙe da ita. Abin da ya fito a raba uku, abin da suke kira abusa. Idan dunƙule ne babba, wajen sarki ake kai shi. Ranar Alhamis ba a taɓa ƙasa, domin a wajensu ranar Asase Yaa ce, allahiyar ƙasa. Mu ba mu yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, amma kakanmu ya girmama dokar masu gari, don ya san shi baƙo ne, kuma ya ga cewa mai haƙa da mai ƙasa sun san fuskar juna. In rami ya ɓata gonar wani, an san ƙofar da za a buga.

Wannan sanin junan ne Bature ya kashe. A 1896 suka kama Asantehene, wato sarkin Tonawa, Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa, bai dawo ba sai 1924. Shekara ɗaya bayan kama shi, a 1897, aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Landan, da izinin haƙa a kan murabba'in mil 100 a Obuasi. Sai ka dubi yadda aka shimfiɗa layin dogo. Daga bakin teku a Sekondi ya taso, ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, sannan Kumasi a 1903. Ramukan gwal ya fara bi kafin ya zo inda jama'a suke. Daga nan mai ƙasa ya zama mai sa hannu a takarda, mai cin riba yana can ƙetaren teku, bai taɓa shan ruwan rafin da ake ɓatawa ba. A farkon shekarun 1930 suka yi dokar da ta hana ɗan ƙasa riƙe zaiba, wadda ake ware gwal daga yashi da ita, sai ga jikan wanda ya gaji haƙar zinariya ya koma ɓarawo a ƙasar ubansa. Haka aka zauna har bayan samun 'yanci, sai a 1989 gwamnatin Rawlings ta halatta ƙananan masu haƙa.

Akwai abin da samarinmu ba sa son ji, amma dole in gaya maka. A cikin sojan da Ingila ta ci Kumasi da su, tun 1874 har yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, akwai masu jin Hausa da yawa. Tonawa ba su manta ba. Duk da haka suka bar mu muka zauna, muka gina masallatai, muka binne iyayenmu a ƙasarsu. Wanda aka yi wa wannan karamcin, nauyin da ke kansa game da ƙasar nan ya fi na kowa.

To ga abin da kakanmu ya gani da idonsa, kamar yadda mahaifina ya ba ni labari. Tun daga 1906 Turawa suka riƙa bi ta hannun sarakunan arewacin ƙasar nan suna ɗibar samari zuwa ramukan Tarkwa da Prestea. Masu komawa gida ta Kumasi suke bi, wasu su kwana a zaurensa. Saurayi zai iso da bargo da ɗan akwatin kwano da 'yan sulalla ɗaure a bakin zane, ya kwana yana tari, da asuba a ga jini a tsumman da ya toshe baki da shi. Wasu ba su tashi daga tabarmar ba. Kakanmu ya yi musu wanka, ya sallace su, ya kai su makwanci, ba tare da ya san sunan ubansu ba. Wata rana wani dillalin leburori, mai karɓar lada a kan kowane kai da ya kai rami, ya zo neman auren 'yarsa da kuɗi masu yawa. Ya mayar masa da kuɗinsa. Tun daga ranar ya ce duk kuɗin da zai shiga aure ko suna ko jana'iza a gidansa sai an san wa ya sha wuya kafin a same shi.

Ka lura, bai ce zinariya haram ce ba, kuma mahaifinka ma bai ce ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin zakkar ma'adini: in abin da ka fitar ya kai nisabi, miskali 20, wajen giram 85, za ka fitar da ɗaya cikin arba'in nan take, ba sai shekara ta zagayo ba. Abin da ake fitar wa zakka ai halal ne. Inda maganar take shi ne cuta, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa.

Fushinka kuwa ina tare da kai a kansa. An fi shekara 120 ana fitar da gwal daga Obuasi, je ka ga yadda samarin garin ke zaune. A 2014 an sallami dubban ma'aikata a lokaci guda. Dokar ma'adinai ta 1962 da tsarin mulkin 1992 sun ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, amma manomin da ke kan ƙasar har yau shi ne na ƙarshen jin labari. Takardar da a da ake sa wa hannu don Landan, yanzu a Ankara, babban birnin ƙasar nan, ake sa mata. Wannan gaskiya ne, kuma yana ci mini rai.

Sai dai ka tambayi kanka, in ka ce ramuwa kake yi, a kan wa take sauka? Baturen da ya kwashe ya mutu, jikokinsa ba sa shan ruwan kogin Offin. Mai shan sa matar ƙauye ce da 'ya'yanta. Na san Offin lokacin da ake hango yashi a ƙasansa. Yanzu in ka tsaya a kan gada a Dunkwa, ruwan kamar kunun kanwa yake, injinan haƙar gwal da ake kira changfan suna ta gurnani a tsakiyar kogi. Kogunan Pra da Ankobra da Birim duk haka. Gonar koko da mutum ya shekara talatin yana reno, katafila ta tuge ta a yini biyu, a bar masa ramuka cike da ruwa, yara na faɗawa. Na kuma ga yadda ake ƙona gwal: yaro ya murza zaiba cikin baƙin yashi da tafin hannunsa, ya matse a ƙyalle, ya ɗora ɗan curin a kan garwashi, ya sunkuya yana hurawa har ya koma rawaya, hayaƙin duk a hancinsa. Sannan mai saye ya auna da reza da tsinken ashana, ya biya shi abin da ya ga dama. Zaibar nan ba ta fita jiki da sauƙi, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana shiga kifi, tana kaiwa har ga ɗan da ke ciki. Mai katafila yana birni, yaron yana rami. Wannan tsarin shi ne dai wanda kakanmu ya gani a zaurensa, masu shi ne kawai suka sauya. Su ma 'yan Sin masu haƙar gwal da aka kora da dubbai a 2013, 'yan ƙasa ne suka nuna musu hanya.

Akwai masu yin aikin nan ta hanyar da ta dace, kuma ina fata kana cikinsu. Dokar 2006 ta ba ɗan Ghana da ya kai shekara 18 damar neman lasisin ƙaramin fili. Mai lasisi na gaskiya yana biyan manomi diyya, yana nesa da kogi da dajin gwamnati, yana cike raminsa in ya gama. Abin da mahaifinka yake son ji ke nan. Shin wurin da kake aiki yana da lasisi, kuma ka gan shi da idonka? Mai gonar da yardarsa aka shiga, an biya shi? Ina ruwan wankin yake gangarawa? Kai da kanka kana taɓa zaiba, kana dawowa da kayan aikin ɗakin da jariri yake kwance? Wannan ta ƙarshen ita ta fi hana ni barci.

Ka zo gidana a Aboabo ranar Alhamis bayan sallar isha'i, zan kira mahaifinka mu zauna mu uku. Ka faɗi gaskiyar abin da ka sani, wanda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, mu aika a bincika. In amsar ta yi daɗi, ni zan riƙe maka ragon a yanka. In ba ta yi ba, akwai rago a gidana, yaro zai sha sunansa ranar bakwai kamar kowane ɗa a gidan nan, ba kuma wanda zai ji abin da ya gudana tsakaninmu. Bayan suna sai mu yi maganar aikin da za ka kama, don akwai ɗan'uwanmu mai neman wanda zai riƙe masa shago a Kejetia.

Ka gaida maijego da iyayenta.

Baffanka.