Hukuncin Hawan Dutsen Kilimanjaro da Jagora, da Yadda Mai Hawa Zai Yi Sallarsa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Kano ne, aiki ya kai ni birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya. Abokan aikina sun shirya hawan dutsen Kilimanjaro har ƙololuwa, tafiyar kwana bakwai a ƙafa, ta hannun wani kamfani mai jagorori da 'yan dako. Raina yana so ƙwarai, har na fara atisaye. Sai wani abokina ya ce haramun ne, jefa kai cikin halaka ne, wai idan na mutu a can hukuncina na wanda ya kashe kansa ne. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ita ma ta nuna ba ta so. Mene ne gaskiyar hukuncin? In ya halatta, yaya zan yi da alwala da salla a wurin da ruwa yake daskarewa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, hawan dutse a kan kansa halal ne. Annabi (SAW) ya hau Hira, ya hau Sauru, ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman har dutsen ya girgiza da su, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Jabir ya ce sun kasance idan suna hawa sai su yi kabbara, idan suna gangarowa sai su yi tasbihi. Allah kuma ya kira mu mu dubi duwatsu yadda aka kafa su, a cikin Suratul Gashiya. Don haka babu wanda zai haramta hawan kansa. Abin da ake dubawa shi ne wane dutse, wane mai hawa, kuma da wane shiri.

Ayar da abokinka yake nufi ita ce ta 195 a Suratul Baƙara: kada ku jefa kanku da hannuwanku cikin halaka. Abu Ayyub Al-Ansari ya bayyana cewa ta sauka ne a kan zama wajen gyaran dukiya da barin fita jihadi a hanyar Allah, amma malamai sun ɗauki lafazinta a game, kuma haka ne daidai. Sai dai ba kowane haɗari ne ake kira halaka ba. Da haka ne, da shiga mota ma ya haramta. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan a maganar shiga teku, a zamanin da jirgin ruwa na katako ne kuma nutsewa ba baƙon abu ba ce. Shehu Halilu, malamin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Muhtasar, a babin Hajji, cewa teku kamar tudu yake, sai dai idan halaka ce ta fi rinjaye a cikinsa, ko kuma mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri da makamancinsa. Da waɗannan ma'aunai biyu zan auna tafiyarka: rinjayen tsira, da tsare salla.

Kilimanjaro shi ne dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895 a ƙololuwarsa da ake kira Uhuru. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka ɗora biyunsa, da sauran sama da mita 1,000. Duk da haka, hanyoyin da aka saba bi, irin su Marangu da Machame da Lemosho, tafiyar ƙafa ce, ba a buƙatar igiya. Dokar gandun dajin gwamnati da dutsen yake ciki ta hana kowa hawa sai da jagora mai lasisi. Dubun-dubatar mutane suna gwadawa duk shekara, kuma waɗanda suke mutuwa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Tsira ce ta rinjaya, nesa ba kusa ba. Amma ana mutuwa, kuma ya kamata ka san abin da ke kashewa. Galibi ba faɗuwa ba ce, ƙarancin iska ne. A ƙololuwar, kowane numfashi yana ba ka kusan rabin oksijin ɗin da kake samu a Darussalam, bakin teku. Jiki yana iya sabawa idan an ba shi kwanaki, shi ya sa jagororin ba sa gajiya da cewa "pole pole", wato a hankali. Idan aka gaggauta shi, sai ciwon kai da amai da rashin barci su fara, kuma a wasu mutanen abin yakan kai ga ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Waɗannan biyun suna kisa cikin ɗan lokaci, kuma babban maganinsu shi ne a sauko nan take.

Daga nan hukuncin yake rarrabuwa. Ga mai lafiya wanda likita ya duba, ya zaɓi hanya mai isassun kwanaki kamar bakwai ɗin da ka ambata, da kamfani mai jagororin da suka san alamomin ciwon, halal ne. Ga mai ciwon zuciya ko na huhu, ko mai sikila, wanda likita ya ce masa kada ya je, haramun ne, domin a kansa shi halakar ta kusanto ko da ta yi nisa da wasu. Na ambaci sikila da gangan saboda yawanta a cikinmu. Har masu jinin AS an san saifarsu tana iya samun matsala a irin wannan tsayi, don haka ka gaya wa likita ko jininka AA ne, AS ko SS. Wanda kuma ya zaɓi hawan kwana biyar don kawai ya rage kuɗi, ya sayi arha da lafiyarsa, ni ina ganin mafi ƙarancin hukuncinsa karhanci ne.

Wurin da na fi jin tsoro a kanka shi ne daren ƙarshe. Mutum ya kashe kuɗi, ya yi kwana biyar yana tafiya, ƙololuwa saura 'yan awanni, abokansa suna gaba, sai jagora ya dube shi ya ga yana tangaɗi ko maganarsa tana sarƙewa, ya ce a juya. A nan ne ayar abokinka take aiki da gaske. Bin maganar jagora a wannan lokaci wajibi ne a kanka, ɓoye masa ciwon kai ko tari don kada ya mayar da kai kuwa haramun ne. Zunubin ma biyu ne, saboda idan ka faɗi, wasu bayin Allah ne za su ɗauko ka cikin duhu a kan tsakuwa mai zamewa, su ma da nasu rayukan. Wanda ya yi duk abin da ya kamata, ajali ya riske shi a can, ba mai kisan kai ba ne. Mai kisan kai shi ne wanda ya nufi mutuwar. Abokinka ya yi tsanani a nan.

Kada a ɗauki wannan amsa a kai ta Everest, dutsen da ya fi kowanne tsayi a duniya, da makamantansa. Can sama da mita 8,000 jiki ba ya sabawa, lalacewa kawai yake yi, kuma a shekarar 2014 ƙanƙara ta rufta ta kashe 'yan Nepal 16 masu yi wa mahawa hidima a rana ɗaya. Ba na ba da fatawar halaccin wannan ga wanda sha'awa ce kawai ta kai shi.

Sai ma'auni na biyu, salla. Tunda daga Darussalam za ka taso, ka wuce tsawon tafiyar ƙasaru, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma a kan dutsen kullum sabon sansani ne, ba ka da niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Akwai dai wata magana a mazhabarmu da ba zan ɓoye maka ba: Malikiyya sun karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla, kamar mai farauta don nishaɗi. Hambaliyya sun halatta ga mai yawon buɗe ido, Hanafiyya kuwa ba sa duba dalilin tafiya. Abin da nake gani, wanda ya fita don ƙarfafa jikinsa da kallon halittar Ubangijinsa bai shiga cikin masu wasa ba, yana da damar yin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Mazaunin Moshi da ke gindin dutsen ba shi da ƙasaru, domin tafiyarsa ba ta kai ba.

A sansanonin ƙasa-ƙasa ma'aikata sukan kawo ruwan ɗumi a roba safe da yamma. Wannan ya ishe ka alwala, kuma muddin yana nan babu taimama. A sama lamarin ya sauya. Sansanin Barafu, inda masu bin Machame da Lemosho suke kwana kafin ƙololuwa, ya haura mita 4,600 kuma babu ruwa a wurin. Daga kwarin Karanga 'yan dako suke ɗauko shi a ka. Ruwan da ake buƙata don sha, ko wanda sanyinsa zai cutar da kai ba kuma yadda za a ɗumama, uzuri ne. Amru ɗan Asi ya yi mafarki a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya yi taimama ya ja mutane sallar Asuba. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW) ya kafa hujja da faɗin Allah, kada ku kashe kanku, sai Annabi ya yi dariya bai ce masa komai ba. Abu Dawud ya ruwaito. Mazhabar Malik tana da sauƙi a nan, domin ana taimama a kan dutse da tsakuwa, ba lallai sai turɓaya ba. Ka cire safar hannu, ka bugi dutse, ka shafi fuska da hannuwa, bayan lokaci ya shiga, kuma kowace farilla da tata taimamar ko da ka haɗa salloli. Game da ƙafa, ka nemi huffi na fata ka sa bayan cikakkiyar alwala, ka riƙa shafa a kansa. Takalman hawa na zamani da yawansu ba fata ba ne, Malikiyya ba sa yarda a shafa a kansu. Salla da takalmi a ƙafa kuwa ta halatta in babu najasa a jikinsa.

Alƙibla fa ka kula. Mun saba da gabas, har ta zama mana kamar ita ce alƙibla a ko'ina. Daga Kilimanjaro, Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya fuskanci mafitar rana a can ya bar alƙibla a hagunsa.

Asubar ranar ƙololuwa ita ce jarrabawar. Ana tashi daga Barafu wajen tsakar dare da tocila a goshi, da nufin a isa bakin ramin da ke saman dutsen, wurin da ake kira Stella, daidai fitowar rana. Ma'ana, alfijir zai keto kana tsakiyar hawa mafi wuya, cikin sanyi mafi tsanani, jerin mutane yana tafiya ba mai son tsayawa. Asuba ba a haɗa ta da wata, ba a rage ta. Ka yi wannan magana da babban jagora tun a Moshi, kafin ka biya kuɗi, cewa kana buƙatar minti biyar bayan ketowar alfijir. Dama sukan tsaya hutu lokaci-lokaci, sai a daidaita. Ka kauce daga kan hanya, ka yi taimama, ka karanta gajerun surori. Idan jiri ya hana ka tsayuwa, ka yi a zaune, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini. Amma idan tun daga gida ka san za ka bar ta sai ka sauko da hantsi, to sharaɗin Halilu na biyu ya faɗi, tafiyar ba ta halatta gare ka ba. Kada kuma ka sa tafiyar a watan Ramadan. Jiki yana buƙatar ruwa mai yawa a can, kuma bai dace mutum ya ƙirƙiro wa kansa dalilin shan azumi saboda sha'awa ba. Tantuna galibi na mutum biyu ne, sai ka tabbatar ba a haɗa ka da macen da ba muharramarka ba. Ka kuma tambayi mai dafa abinci daga ina namansa yake.

Akwai haƙƙin da masu tambaya ba sa tunawa, na 'yan dako. Ƙa'idar gandun ita ce kada kayan da ake ɗora wa mutum ɗaya su wuce kilo 20. Su ne suke riga ka isa sansani su kafa tanti, wasu da tufafin da ba su kai naka kauri ba. Kamfanin da farashinsa ya yi arha fiye da kima, sau da yawa daga ladan waɗannan yake ragewa. Annabi (SAW) ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ka bincika yadda kamfanin yake biyansu da ciyar da su. Kuɗin sallama da ake ba su a ƙarshen tafiya ya zama al'ada sananniya wadda suke dogara da ita, kuma abin da aka sani a al'ada kamar sharaɗi ne, don haka ka sa shi a lissafinka. Kuɗin tafiyar gaba ɗaya ba almubazzaranci ba ne ga mai hali, matuƙar babu bashin da lokacinsa ya yi, kuma cefanen iyali bai taɓu ba.

Na bar maganar mahaifiyarka ƙarshe saboda ita ce za ta yanke. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, sai ya ce to a cikinsu ka yi jihadinka. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Idan wannan ya tsaya saboda iyaye, ina ga hawan dutse? Tsoronta kuma ba na banza ba ne, tunda akwai haɗari na gaske ko da kaɗan ne. Ka sake kiranta cikin ladabi, ka gaya mata abin da likita ya ce, da yawan kwanakin, da cewa akwai jagora kuma ka ɗauki alkawarin juyowa da zarar an ce ka juyo. In akwai wanda take jin maganarsa a gida, ya taya ka. Idan ta amince da daɗin rai, ka yi istihara ka tafi. Idan ta tsaya a kan a'a, bai halatta ka je ba, ko da ka riga ka biya kafin alƙalami.

Wallahu a'alam.