Tambaya da Amsa: Na Ƙera Nawa, na Abokina Ya Ƙi Tafiya Daidai

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne daga Gwammaja. Na haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai taya biyu da ke bin baƙin layi a ƙasa, da allon Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ke sarrafa na'ura. Na tura wa abokina na Hotoro bidiyo da umarnin kwamfutar da na rubuta, ya haɗa nasa, amma sai karkata yake yi gefe guda. Me ya kamata in ba shi? Kuma in na baza komai, ba za a sace mini fasaha ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa hannun nan albarka. Bidiyo yana nuna abin yana tafiya ne kawai. Ba ya faɗin tazarar da ke tsakanin tayoyin, ko nisan idon da ke ganin layi daga ƙasa, ko inda nauyin batir ya zauna. Galibi a nan karkatar take samo asali.

Sayi littafin rubutu mai kaurin bango, ka zana jikin na'urar ta sama, ta gaba da ta gefe. Duk awo ka rubuta shi da milimita. Kafintocinmu da masu walda sun fi sabawa da inci, don haka ka rubuta musu a gefen takarda cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ka zaɓi kusurwa guda, kowace huda ka auno ta daga can. In kana auna wannan huda daga waccan, kuskuren rabin milimita sai ya yi ta taruwa, kafin ka kai ta huɗu moton ya riga ya goce. Wannan kaɗai ya lalata aikin yara da yawa da na gani.

Sai jerin kaya. Kada ka rubuta "ƙaramin boris", ka ce boris mai lamba 608: raminsa milimita 8, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Kusar noti M3 tana son huda ta milimita 3.2 zuwa 3.4. Ka faɗi inda ka samo kowane abu, ko Sabon Gari ne, ko cikin ƙarafan Ƙofar Ruwa, ko daga tsohuwar firinta ka ɓallo shi. Ka kuma rubuta dalili. In ka bar robar PLA, wadda firintar 3D ke ƙera kaya da ita, ka koma alminiyam saboda tana laushi wajen digiri 60, kamar a cikin motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu, to faɗi hakan, don wani kada ya sake faɗawa ramin.

In kana da kwamfuta, manhajar zanen na'ura ta FreeCAD kyauta ce kuma ba ta cin data bayan ka sauke ta. Ka tura zanen a fayil nau'in STEP tare da nau'in STL, domin na farkon ya fi sauƙin gyarawa.

Maganar sata kuma, allon da ke hannunka an fara shi ne a 2005 a garin Ivrea na Italiya, kuma masu shi sun bar zanensa a buɗe, shi ya sa ya iso Kano da araha. Ka sa sunanka, kwanan wata da lambar gyara a kowane shafi, ka ɗora lasisin CC BY-SA: kowa ya ɗauka, amma dole ya ambace ka, ya kuma saki nasa gyaran bisa wannan sharaɗin. Sai dai in kana da niyyar yi wa wani sashe rajistar ƙirƙira, kada ka fitar da shi tukuna, ka fara ganin lauya.

Yanzu ka miƙa wa abokinka takardun ba tare da bayanin baki ba. Duk tambayar da ya dawo maka da ita, giɓi ne a takardar, sai ka cike shi ka sauya lambar gyara kafin ka tura wa na gaba.