Aikin Walda a Ɗakin Baƙin Kamfanin Giya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai walda ne a Legas, ina da yara uku da nake koya wa sana'a. Wani ƙaramin kamfanin giya, irin masu dafa tasu kaɗan-kaɗan, ya ba ni kwangilar ɗakin karɓar baƙi: matakala, madafar hannu, ƙafafun tebura da kantar da baƙi ke tsayawa su ɗanɗana. Duka da galbanaiz za a yi, kuma injiniyansu ya ce wannan ƙarfen ba ya taɓa giyar ko kaɗan. Na karɓi kafin alƙalami, har na sayo fayif. Wani ya ce mini Abu Hanifa ya halatta irin wannan. Yaya hukuncin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, da zuciyarka ta kwanta da aikin nan da ba ka rubuto ba, kuma wannan alheri ne a gare ka.

Injiniyan bai yi maka ƙarya ba. Galbanaiz ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 don kada ya yi tsatsa. Giya tana da tsami, tsami kuwa yana cin tutiya, shi ya sa tankunansu da bututansu na sitenles ne. Sai dai ya amsa maka tambayar da shari'a ba ta yi ba. Maganar da ta yanke hukuncinka kai ka faɗe ta da bakinka: kantar da baƙi ke tsayawa su ɗanɗana. Wurin da ake zuba wa mutum giya ya sha, ya saya ya tafi da ita, mashaya ce, ko da an rubuta ɗakin baƙi a ƙofarta. Ka san abin da za a yi a wurin tun kafin ka ɗauki awo, don haka aikin bai halatta ba. Da a shagonka wani ya zo ya sayi fayif ba ka san inda zai kai shi ba, babu komai a kanka.

Haramcin giya da la'antar mutum goma a kanta ba sai na karanto maka ba.

Maganar Abu Hanifa kuwa gaskiya ce an ruwaito ta, tana cikin Hidaya ta Marginani: ya halatta ladan Musulmin da ya ɗauko wa kafirin amana giya, da ba da hayar gida ga wanda zai sayar da ita a ciki. Dalilinsa shi ne yarjejeniyar a kan dako ko amfanin gida aka ƙulla ta, saɓon kuwa wani ne zai aikata da zaɓin kansa, kuma ana iya ɗaukar giya don a zubar ko a mayar da ita khal. Amma wanda ya kawo maka wannan rabin zancen ya kawo. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa, hujjarsu kuwa hadisin la'antar mutum goma ya ambaci mai ɗauka ƙarara. Batun hayar ma malaman mazhabarsa sun taƙaita shi ga ƙauyukan Kufa, inda mafi yawan mazauna a lokacin ba Musulmi ba ne. Sannan ka dubi dalilin da kansa: ya tsaya ne a kan yiwuwar wata manufa ta halal. Kantar da za ka ƙera don baƙi su tsaya su ɗanɗana giya, wace manufa ta biyu gare ta? A mazhabar Malik da ka tashi a kanta abin ya fi fitowa fili. Masu sharhin Muhtasar Halil sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi giya, da katako ga mai yin gicciye, da tagulla ga mai ƙera ƙararrawar coci. Ka lura, tagulla suka ce, ƙarfe ɗan'uwan naka. Ba na son ɗabi'ar nan ta mutum bai taɓa sanin Abu Hanifa a alwala ko salla ba, sai ranar da kwangila ta zo.

Kafin alƙalamin ka mayar musu. Ka je da kanka, cikin mutunci, ka ce addininka ne ya hana, kada ka ɓoye ko ka daina ɗaukar waya, domin kuɗin mutane amana ne ko su waye. Fayif ɗin ka riƙe a bakin kuɗinka, ba ya ruɓewa, ƙofa ko hasumiyar tankin ruwa za su cinye shi. Idan kuɗin sun riga sun shige, ku yi yarjejeniyar biya a rubuce. Kada kuma ka miƙa aikin ga wani ka karɓi la'ada.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Farin hayaƙin nan da ke tashi in ana waldar galbanaiz tutiya ce ke ƙonewa, yana kawo zazzaɓi da sanyin jiki da ciwon gaɓɓai cikin dare, mutum ya ɗauka maleriya ce. Madarar da masu walda ke sha ba ta tare shi. Ku kankare tutiyar a bakin da za a haɗa, ku yi aiki a fili inda iska ke wucewa, ka saya wa yaran nan takunkumi na gaske. Iyayensu amana suka ba ka, za a tambaye ka huhunsu kamar yadda za a tambaye ka inda ka kai su aiki. A gida ma kada a jiƙa tsamiya ko zoɓo a bokitin galbanaiz.

Wallahu a'alam.