Siyasa a Ajin Sibik: Ta Wace Ƙofa Za Ta Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ina koyar da Sibik, wato darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, a ajin SS2 a wata sakandaren gwamnati. Yarana suna iya jero ɓangarorin gwamnati uku ido rufe, amma in na ce su ba ni misali daga abin da suka ji a rediyo sai aji ya yi tsit. Na gwada kawo zancen cire tallafin man fetur, nan da nan aji ya dare biyu, wannan na zagin jam'iyyar uban wancan. Washegari shugaban makaranta ya kira ni ya ce in tsaya kan manhaja, kada in jawo masa. In haƙura da labaran yau in koma littafi ke nan?
Wata malama, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki haƙura. Amma shi ma shugaban naki ba tsoron banza yake yi ba, shi za a fara kira in wani uba ya kai ƙara.

Ina kyautata zaton da kika kawo zancen tallafi, abin da yaran suka ji kin tambaya shi ne, "An kyauta ko ba a kyauta ba?" Wannan tambayar teburin mai shayi ce, kuma kowane yaro da amsarta ya fito daga gida. Tambayoyin aji daban suke, ni guda uku na riƙe tun ina riƙe da alli: wa ke da hurumin yin wannan abu, wane sashe na tsarin mulki ya ba shi, wa kuma zai iya taka masa birki? Duk labarin da ba zai amsa waɗannan ba, ki bar shi a bakin ƙofa.

In ni ne, da canjin kuɗi zan fara. Babu yaro a ajinki da bai sha wannan wahala ba. Sun ga layin bankunan unguwar PZ tun asuba, sun ga mai POS yana yankar kaso mai tsoka kafin ya miƙa 'yan takardu, an aike su kasuwa da tsohuwar dubu ɗaya mai kayan miya ta ce ba ta karɓa. Ki bar su su ba da labarinsu tukuna, za su yi ta rige-rigen ɗaga hannu. Sannan ki jera musu kwanakin a allo.

Oktoban 2022 Babban Banki, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin 200 da 500 da 1,000. Wa'adin 31 ga Janairun 2023 aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka maka Gwamnatin Tarayya a Kotun Ƙoli, kotu ta ba da umarnin wucin gadi a dakata. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa, shi kuma Gwamna Nasir El-Rufai ya fito ya ce a Kaduna duk tsofaffin suna nan daram. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke cewa a ci gaba da karɓar su har 31 ga Disamba, amma sai ranar 13 ga wata Babban Banki ya umarci bankuna su bi.

Ki tsaya nan ki tambaye su: me ya sa jihohin ba su fara daga ƙaramar kotu ba? Amsar tana sashe na 232, wanda ya ce rikici tsakanin jiha da Tarayya kai tsaye Kotun Ƙoli yake zuwa. Wa ke da ikon yin doka kan kuɗin ƙasa, jiha ko Tarayya? Su buɗe jerin abubuwan da aka keɓe wa Tarayya ita kaɗai, za su ga kuɗi a ciki. To in haka ne, da wane ƙarfi gwamna ya yi magana? Kuma kwana goman nan tsakanin hukunci da bin hukunci, me suke nuna mana game da kotun da ba ta da 'yan sandan kanta? Ga rabon iko, ga tsarin tarayya, ga bin doka, duk suna cikin manhajar da WAEC da NECO ke tambaya a kai. Abin da ya fi mini daɗi a misalin nan, gwamnonin uku da shugaban ƙasa duk 'yan jam'iyya ɗaya ne a lokacin. Yaron da ya zo da niyyar kare jam'iyyar babansa sai ya rasa inda zai tsaya, dole ya koma kan sashen.

Na biyu, hukuncin 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantoma a gurbin zaɓaɓɓu. Ki haɗa shi da sashe na 7, wanda ya tabbatar da mulkin zaɓaɓɓu a ƙananan hukumomi. Aikin gida: kowa ya rubuto abu ɗaya a unguwarsu, kwata ce ko firamare ko rumfar kasuwa, ya binciko ko na ƙaramar hukuma ne, ko na jiha, ko na Tarayya. Za ki sha dariya. Yawancinsu, har da iyayensu, kwatar ƙofar gida ma Abuja suke ɗora wa.

Akwai kuma abin da ba zan taɓa da wuri ba. Tuwon da aka kwashe yanzu ba a zura masa hannu. Abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a garin nan a Disambar 2015, ko zanga-zangar Agustan 2024 da ta kai ga hana fita a Kaduna da Zariya, a ajinki akwai mai gawa, akwai wanda aka kama yayansa, akwai ɗan soja. Ba cewa nake a binne su ba. Sai zango ya yi nisa, kin san yaranki, sun saba da cewa a nan sashe ake kawowa ba zagi ba, sannan ki buɗe sashe na 39 da na 40 kan 'yancin magana da na taro, tare da na 45 da ya faɗi inda za a iya taƙaita su. Masu tsallake na 45 suna cutar yara.

Za su tambaye ki wa kika zaɓa, ko shakka babu. Ki ce musu ƙuri'a sirri ce, wannan ma darasi ne, ki wuce. Kuma ki riƙa juya su: wanda ya fi zafi a kan gwamna, shi za ki sa ya zama lauyan gwamna.

Shugaban makaranta kuwa, kada ki je masa da baki. Ki kai masa tsarin darasinki a rubuce, babin manhaja a sama, labarin a ƙasa, sashen a gefe, ya sa hannu. In zai yarda, ki nemi wani ɗalibin shari'a daga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ya zo ya zauna alƙali ranar da yara za su kwaikwayi zaman kotun.

TAMBAYA: Malam, ɗana shekarunsa 16, ko katin zaɓe ba shi da shi. Me ya haɗa shi da zancen gwamna da kotu? Ni likita nake so ya zama.
Wani uba, Ƙofar Doka.

AMSA: Alhaji, Allah ya cika buri. Amma nan da shekara biyu yaron nan ya isa jefa ƙuri'a, kuma tun gyaran da aka sa wa hannu a Mayun 2018, mai shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Likitan ma, albashinsa da maganin asibitinsa a kasafin da majalisa ta amince suke fitowa. Yau da daddare ka tambaye shi sunan kansilan gundumarku. In ya ce bai sani ba kada ka yi masa faɗa, don ina jin tsoron ya juyo maka da tambayar.