Ku Tambaya: Sun ce ki sayi mako ɗaya a otal har abada?

*Muna hutu a Orlando ta Amurka ni da yara, wani ya tare mu a otal ya ce in muka zauna minti 90 muka saurari bayani za a ba mu tikitin shiga wurin wasan Disney da rahusa. In je? Magidanci daga Kaduna*

Malam, kai da ka biya kuɗin jirgin iyali tun daga Abuja, rangwamen tikiti ne zai sa ka zubar da wuni guda? Abin da za su tallata maka shi ne timeshare, wato ka sayi damar kwana a otal na mako ɗaya duk shekara. Minti 90 ɗin nan a baki ne kawai. Ka ce a'a su kira manaja, manaja ya rage farashi, ka sake cewa a'a su turo wani mai fara'a, yara na kuka yunwa na cinka. Kar ka je.

*Maigidana ya sa hannu a yarjejeniyar timeshare shekaranjiya a Florida, har ya ba da kafin alƙalami. Ko barci ba na yi. Wata 'yar'uwa daga Kano*

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba ku makara ba. Dokar Florida ta ba mai saye kwana 10 ya fasa a maido masa kuɗinsa. Ku buɗe yarjejeniyar, akwai shafin da ya faɗi adireshin da ake aika takardar fasawa, ya rubuta yau ɗin nan, ya sa hannu, a tura ta gidan waya da rajista a ajiye rasit. Kada ya kira wanda ya sayar masa, daɗin baki zai yi ta yi har kwanakin su ƙare. Kuma don Allah ki bar gorin sai an gama. Wa'adin ya bambanta, Nevada kwana 5 ne, Ingila da Tarayyar Turai 14.

*To ai kadara ce, in na gaji in sayar. Wani ɗan kasuwa*

Wace kadara Alhaji? Wannan maganar ce ke ƙona min rai. Ba gida ka saya ba, damar kwana ka saya na mako ɗaya a shekara, sannan duk shekara akwai kuɗin kula da gini, a Amurka ya kan haura dala 1,000 kuma hawa yake yi, ka je ko ba ka je ba sai ka biya. Da dala fa. Farkon 2023 dala wajen naira 460 take a banki, a 2024 ta wuce 1,500, kai da shinkafarka da atamfarka da naira kake sayarwa. Ga biza kuma, wa ya ce za a ba ka? Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofa a 2022 sai Yulin 2024 aka buɗe, wanda ke da mako a can haka ya yi ta biya yana zaune a gida. Wasu yarjejeniyoyin ma ba su da ranar ƙarewa, mutum ya rasu magada su tarar da takardar biya. Batun sayarwa kuwa, leƙa eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka ga masu neman dala 1 kacal don su rabu da ƙaya. Fili a bayan gari ko banza ba ya aiko maka da bil. Duk wanda ya ce maka farashin na yau ne kaɗai, ka ce ya ba ka takardun ka kai wa lauya, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

*An kira ni an ce an samo wanda zai sayi timeshare ɗina, amma in fara tura kuɗin aiki.*

'Yan damfara ne. Kashe wayar.